Gwangwani, kwalba da zuma: ina gubar take da gaske?

Duk shekara, da zarar tumatir ya yi kwantai a kasuwannin Ikara da Kudan, sai tsohuwar magana ta sake zagaye wayoyi: wai tumatirin gwangwani guba ne mai shanye jiki, gara kowa ya niƙa nasa ya ɗura a kwalba. Cutar da ake nufi tana nan, likitoci na kiranta botulizim, kuma ba ta wasa. Sai dai masu yaɗa maganar sun nuna yatsa inda bai dace ba.

Ƙwayar da ke haddasa ta, Clostridium botulinum, cikin ƙasa take zaune, har ƙasar fadamar da muke nomawa. Wani masani ɗan Beljiyam, Emile van Ermengem, shi ya gano ta bayan wasu makaɗa sun ci naman da aka adana da gishiri a garin Ellezelles a 1895, uku suka mutu. Idan wuri bai yi mata ba, sai ta ƙulle kanta cikin ɓawo mai tauri, ta yi shekaru a haka ba ta cutar da kowa. Sai ta sami wuri mai danshi da ɗumi, marar iska, marar tsami, sannan ta farka ta fara fitar da dafi. Dafin ne ke kisa. Yana shiga bakin jijiya, ya datse hanyar da saƙo ke bi zuwa tsoka, sai tsokar ta saki.

Da wannan ma'auni za a auna kowace jita-jita. Tumatir zalla yana da tsami, ƙwayar kuwa ba ta girma idan tsami ya yi yawa har ma'aunin pH ya gaza 4.6. Tsamin nan da zafin wuta su ne garkuwar tumatirin kamfani, irin wanda aka gina masana'antar Ikara domin shi a farkon shekarun 1980. Kifi da nama na gwangwani, da yake ba su da tsami, ana dafa su cikin matsin tururi har digiri 121, zafin da ke hallaka ɓawon kansa. Don haka cewa duk gwangwani guba ne ƙarya ce. Abin da ke gaskiya shi ne gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya yi feshi da aka buɗe, ba na ci ba ne, ba kuma na ɗanɗanawa ba. A binne shi inda kaji da awaki ba za su tono ba.

Kwalbar gida ce ta fi damuna. Uwargida ta sayi kwando da araha, ta haɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, ta markaɗa, ta tafasa, ta ɗura a kwalaben Bama, ta zuba mai a sama don kada ya yi fumfuna, ta murɗe marfi, ta jera a ƙarƙashin gado har damina. Niyyarta kyakkyawa ce, tattali ne. Amma tattasai da albasa suna rage tsamin, man ya tare iska, ɗakin kuma ga ɗumi. Sharuɗɗan nan uku sun cika ke nan. Masu cewa ai an tafasa, wuta ta kashe komai, rabin gaskiya suka riƙe: tukunya ba ta wuce digiri 100, ɓawon kuwa yana jure wannan na sa'o'i. Ɗaya rabin shi ne mai ceto. Dafin ba ya jure zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce digiri 85 na minti biyar ko fiye yana lalata shi. Saboda haka a ɗura tumatir shi kaɗai, a ƙara masa ruwan lemon tsami, kuma ranar da aka buɗe ya tafasa sosai na minti goma kafin ya taɓa harshen kowa. Kada a dogara da hanci, domin sau da yawa abincin ba ya wari, ba ya canza launi. Kauɗar da ake shanyawa kuwa, in ta bushe ƙayau, wannan ƙwaya ba ta da abin yi a cikinta.

Sai zuma, inda magana ke da nauyi. Babu mai musun albarkarta, kuma ga babba da yaron da ya wuce shekara ɗaya ba ta da wannan haɗari. Amma ana iya samun ɓawon ƙwayar a cikinta, komai kyawunta, ko daga amya aka ɗebo ta jiya. Hanjin jariri bai riga ya tara ƙwayoyin da ke tare masa hanya ba, sai ɓawon ya tsiro a ciki ya zuba dafi. A Amurka aka fara tantance wannan nau'in a 1976. Jaririn yakan daina bayan gida, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya dusashe, wuyansa ya saki. Kakar da ke lasa wa jikanta zuma ƙauna ce ta sa ta, shi ya sa da ladabi za a roƙe ta ta jira ya cika shekara.

A wajen babba, alamu kan bayyana cikin sa'o'i 12 zuwa 36. Fatar ido ta faɗo, yana ganin abu bibbiyu, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, raunin ya gangaro daga fuska zuwa hannuwa da ƙirji. Babu zazzaɓi, hankalinsa kuma garau. Wannan kama ce ke sa a ce sammu ne ko shafar iska, musamman idan mutum biyu ko uku na gida ɗaya suka kwanta tare. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Kwano ɗaya suka ci. A Janairun 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta sanar da zargin wannan cuta a wani gida a Abuja, inda miji da mata suka rasu, aka kuma alaƙanta abin da kifin da suka ci. Akwai maganin karya dafin, amma yana tsayar da wanda ke yawo cikin jini ne kawai, ba ya warware wanda ya riga ya kama jijiya. Kwana ɗaya da aka ɓata a gida yana iya zama bambanci tsakanin jinya da jana'iza, ga shi asibitin koyarwa na Shika ba nisa gare mu. Mai numfashi da inji na makonni yakan tashi, domin jijiyoyin suna sake tofowa.

Makiyaya da masu kiwon turke a Makarfi ma abin ya shafe su. Saniyar da ke tauna ƙashi da rani ba maita ke damunta ba, ƙarancin sinadarin fosfaras ne, kuma a ƙashin mushe take gamuwa da dafin. Arnold Theiler ya tabbatar da haka a Afirka ta Kudu wajen 1919. Haka kashin kajin gona da ake haɗa wa shanu da dusa: mataccen tsako ɗaya da ya ruɓe cikin buhu ya isa ya kwantar da dabbobi da yawa, a tarar da su kwance, harshe a waje, miyau na dalala, ga ciyawa a gabansu sun kasa haɗiya.