Gonarka ta gaji? Ga abin da bincike ya nuna

Ya ku manoma na Malbaza, Ƙwanni da Illela. Yau hirarmu a kan gajiyar gona ce.

Kai manomi, ka san gonar jigawa. Ruwa ya sauka, ka shuka hatsi, ka yi noma, amma kara ya fito siriri, zangarniya gajera. Sau da yawa laifin ba na ruwa ba ne. Ƙasar ce ke jin yunwar wani abinci da ake kira fosfor. Shi ne ke ba saiwa ƙarfi tun shuka tana ƙarama.

Akwai cuta ta biyu, wato tsamin ƙasa. In ƙasa ta yi tsami, saiwa ba ta shiga nesa, kuma ƙasar tana riƙe fosfor ta hana shuka.

Ta yaya aka sani? A Sadore, kudu da Yamai, ma'aikatar bincike ta ICRISAT ta fara wani gwaji a shekarar 1983. Aka raba gona kashi huɗu. Kashi ɗaya ba a sa kome ba. Ɗaya aka bar masa karan hatsi. Ɗaya aka sa takin zamani kaɗai. Na huɗu aka haɗa kara da takin zamani. Aka yi ta auna amfani shekara da shekaru.

Kashin da ba a sa wa kome ba shi ne na baya. Na takin zamani kaɗai ya yi kyau da farko, amma sannu a hankali ƙasarsa ta ƙara tsami. Wanda aka haɗa wa kara da taki shi ya fi duka.

To, me za ka yi?

Na ɗaya, kada ka ƙone kara, kada ka kwashe shi duka. Bar wani a gona, ka ƙara da takin dabbobi.

Na biyu, sa taki kaɗan a wurin da ya dace. Giram 6 na takin 15-15-15 ya isa rami ɗaya, wato abin da yatsu uku ke ɗauka. A rami 10,000 na hekta ɗaya, kilo 60 ke nan. Sa shi bayan ƙasa ta jiƙe sosai.

Na uku, a jiharmu ta Tawa akwai dutsen fosfat. In an niƙa shi aka zuba a gona mai tsami, yana narkewa a hankali. Kada ka yi gaggawa, amfaninsa yana kai shekaru.

Ƙasar fadama daban take da ta jigawa. Saboda haka, kafin ka sayi taki, nemi shawarar malamin gona.

Ka karanta wa maƙwabcinka wannan darasi. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.