Kilarinet da Tilɓoro: Kimiyyar Busa Daga Nuremberg Zuwa Kudenda

Ɗalibin da ya taɓa fita daga Kudenda ya ƙetare gadar kogin Kaduna don kallon fareti a Dandalin Murtala ya san yadda badujala ke jan ido. Manyan ganguna ne a gaba, ga ƙahonin tagulla suna walƙiya a rana. Amma in aka kwantar da hankali aka dubi jerin mabusan, sau da yawa za a ga waɗansu riƙe da wani baƙin abin busa siriri, wanda tsawonsa bai kai kamu biyu ba, an jera masa maɓallai masu hasken azurfa. Sunansa kilarinet. Mutanenmu da yawa kan kira shi algaitar Turawa, kuma ba a ga laifinsu ba, domin a ido sun yi kama. Sai dai kama da wane ba ta wane. In aka bi ta kimiyyar sauti, ɗan'uwan kilarinet na jini a ƙasar Hausa shi ne tilɓoro, wato abin busar nan da yaran ƙauye ke yi da karan dawa bayan an yi girbi.

Don mu gane dalili, sai mu fara da tambayar yadda busa ke zama sauti. Sauti kaɗawar iska ce. In iska ta kaɗa sau da yawa a cikin sakan ɗaya, kunne zai ji siririyar murya. In kaɗawar ba ta da yawa, sai a ji murya mai kauri. Ma'aunin wannan kaɗawa shi ne hertz. Aikin kowane abin busa shi ne ya sa iskar da ke cikin bututunsa ta riƙa kaɗawa, amma hanyoyin sun bambanta. Mai sarewa yana hura iska ne a gefen baki, iskar ta rabu biyu. Mai kakaki leɓɓansa ne ke karkarwa. A bakin algaita akwai harsuna biyu da ke haɗuwa suna rabuwa. Kilarinet kuwa harshe ɗaya gare shi, wato wani siririn tsinken kara da aka fere aka ɗaure a ƙarƙashin mabushinsa. Da an hura, harshen zai riƙa buɗe ƙofar iska yana rufewa sau ɗaruruwa a cikin sakan guda. Irin karan da ake yin harshen da shi ana kiransa Arundo donax, kuma wanda ya fi suna shi ne na lardin Var a kudancin Faransa.

Haka tilɓoro yake. Akan samo busasshen karan dawa, a cire totuwar cikinsa, sannan a sa wuƙa a tsaga ɗan siririn harshe kusa da ƙarshensa, a bar gindin harshen manne da jikin karan. Mai busa zai riƙe shi a karkace, ya rufe harshen da bakinsa, ya riƙa canza murya da yatsa ko tafin hannu. Akwai kuma damalgo, wanda ake ƙara wa ƙoƙon duma don muryarsa ta ƙara amo. David Ames da Anthony King sun ambaci duka biyun a littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa da aka buga a 1971, kuma masana kayan kiɗa suna sa su a gida ɗaya da kilarinet, tare da argul na Masar da bumpa na Burkina Faso. Bambancin da ke akwai shi ne harshen tilɓoro daga jikinsa aka fitar, na kilarinet kuwa ana cirewa a sa sabo in ya gaji.

Wanda tarihi ya fi dangantawa da ƙera kilarinet shi ne Johann Christoph Denner, wani masassaƙin kayan busa na birnin Nuremberg a Jamus, wajen shekarar 1700. Ya sami wani tsohon abin busa mai harshe ɗaya da ake kira shalumo, mai 'yan muryoyi kaɗan, ya gyara shi. Babban abin da aka ƙara shi ne wani ɗan ƙaramin rami kusa da mabushi, wanda babban yatsa ke buɗewa da maɓalli. Da an buɗe shi sai muryar ta yi tsalle sama. A nan ne kilarinet ya fita daban da sauran 'yan'uwansa, kuma a nan ne darasin fiziks ɗin yake.

Masu sauraron rediyo sun saba jin ana cewa tasha kaza tana kan mita kaza. Wannan mita tsawon zangon igiyar rediyo ce. Sauti ma yana da nasa tsawon zango, kuma ana samunsa ne in aka raba gudun sauti da yawan kaɗawarsa. Sauti yana gudun kimanin mita 343 a sakan ɗaya in zafin iska yana digiri 20 a ma'aunin Salsiyos. To, bututun da ke buɗe ta fuska biyu, kamar sarewa, rabin zango ne ke zama a cikinsa. Bututun da aka toshe ta fuska ɗaya kuwa rubu'in zango kawai yake ɗauka, domin iska ba ta iya motsi a wurin da aka toshe, alhali a buɗaɗɗen baki ne ta fi motsi. Kilarinet bututu ne miƙaƙƙe, faɗin cikinsa kusan ɗaya ne daga sama har kusa da ƙasa, kuma harshen nan da bakin mai busa sun mayar da samansa tamkar a toshe.

Bari mu yi lissafi. Murya mafi kauri da kilarinet na yau da kullum ke fitarwa tana kaɗawa kimanin sau 147 a sakan. In aka raba 343 da 147 za a sami mita 2.33. Rubu'in wannan shi ne santimita 58, kusa da tsawon kilarinet ɗin, wanda bai wuce santimita 66 ba har da mabushi da buɗaɗɗen gindinsa. Sarewar Turawa ta ƙarfe kusan tsawonsu ɗaya, amma murya mafi kauri da take iya fitarwa hertz 262 ce. Ashe toshe baki ɗaya kawai ya sa kilarinet ke magana da muryar dattijo alhali jikinsa na yaro ne.

Abin bai tsaya nan ba. Bayan rabin zango, buɗaɗɗen bututu yana karɓar zango ɗaya cikakke, da ɗaya da rabi, da sauransu, watau kaɗawar tana ninkuwa sau 2, sau 3, sau 4. Bututun da aka toshe kuwa daga rubu'i ɗaya sai rubu'i uku, sai rubu'i biyar, saboda haka ninkin nasa 3 ne, da 5, da 7. Wannan ne ya ba ƙananan muryoyin kilarinet wani irin amo mai zurfi kamar ana magana cikin tulu. Kuma shi ya sa in aka danna maɓallin Denner, muryar ba ta hawa matakai takwas daga do zuwa do kamar yadda sarewa ke yi. Matakai goma sha biyu take hawa. Muryar nan ta hertz 147 sai ta koma kimanin 440, wadda ita ce muryar da makaɗan okestira ke daidaita kayansu da ita kafin su fara. Algaita fa? Cikinta tsukakke ne a sama, yana buɗewa a hankali zuwa ƙasa kamar mazurari, kuma lissafi ya nuna irin wannan bututu yana ba da dukan ninkin, 2 da 3 da 4. Haka ma saksafon, wanda Adolphe Sax ya yi wa rajista a 1846: harshensa irin na kilarinet ne, amma da yake cikinsa mazurari ne, tsallensa irin na algaita ne.

Wannan dogon tsalle ya jawo wa maƙera wahala. Tsakanin muryar ƙasa da wadda ake tsallakawa gare ta akwai ƙananan matakai goma sha tara da dole a cike da ramuka, ga shi yatsun mutum goma ne, ɗaya ma yana tallafe da abin busar. Sai aka yi ta ƙara maɓallai. Na farko biyu gare su. A 1812 Iwan Müller ya fito da mai maɓalli 13, sannan tsakanin 1839 da 1843 Hyacinthe Klosé da Louis-Auguste Buffet suka tsara a birnin Faris irin wanda aka fi amfani da shi yau, mai maɓalli 17 da zobba 6.

A okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗan Turai mai ɗimbin masu goge, galibi kilarinet biyu ake sawa, wani lokaci a ƙara da babban nau'insa mai murya mai kauri. Kaɗan ne, amma ba a rasa su, saboda suna iya sauka ƙasa su hau sama fiye da yawancin kayan busa, kuma suna iya yin ƙasa da murya har ta zama kamar raɗa. Mozart ya ji su a Mannheim, har a 1778 ya rubuta wa mahaifinsa yana takaicin rashinsu a ƙungiyar makaɗan garinsu Salzburg. A 1791, 'yan makonni kafin mutuwarsa, ya kammala shahararren kiɗan nan na kilarinet da okestira saboda abokinsa Anton Stadler. A badujalar soja da ta 'yan sanda kuwa, inda babu goge, kilarinet ne ke ɗaukar aikin gogen, shi ya sa ake jera su da yawa. Ta wannan hanya ce, tare da makarantun mishan, ya shigo Nijeriya a zamanin mulkin mallaka.

Da ya fita daga fadojin Turai, kowa ya koya masa yarensa. Baƙaƙen fatar New Orleans a Amurka sun sa shi cikin kiɗan jaz tun farkonsa, kuma Benny Goodman ya kai wannan kiɗa zauren Carnegie na New York a 1938. A Girka da Turkiyya ya zama abin busar biki, har a wurare da yawa ya ture zurna, 'yar'uwar algaita. A kudancin Indiya ma ya shiga kiɗan gargajiya. A ƙasar Hausa hakan ba ta faru ba. A ganina dalilin bai wuce cewa algaita tana da mazauninta a fada, tare da kakaki da tambari, kuma muryarta mai ratsa fili ce, ga mabusanta sun ƙware wajen shaƙar iska ta hanci suna hurawa da kumatu ba tare da busar ta yanke ba. Kilarinet bai zo da abin da zai raba ta da hawan salla ba.

Akwai kuma wata alaƙa da Afirka da ba kowa ya sani ba. Baƙin katakon da ake yin kilarinet mai tsada da shi daga nahiyarmu yake fitowa. Itacen shi ne Dalbergia melanoxylon, wanda ake kira mpingo da Suwahili, kuma yawancin wanda ake sayarwa daga Tanzaniya da Mozambik ake saro shi. Yana da nauyin da ya sa yake nutsewa a ruwa, kuma yakan yi shekaru sittin ko fiye kafin ya isa sara. Yawan saransa da na danginsa ya sa a 2017 aka sa su cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido wajen cinikinsu tsakanin ƙasashe. Katakon ma ba ya shiri da yanayinmu. In hunturu ya busar da bayansa alhali numfashi ya jiƙa cikinsa, yana iya tsagewa, don haka na roba ya fi dacewa da masu fareti. Zafi kuma yana taɓa muryar: gudun sauti yana ƙaruwa da kimanin mita 0.6 a sakan a kan kowane digiri ɗaya, saboda haka abin busar da aka daidaita da sanyin asuba zai ɗan hau sama da rana ta take, sai mai busa ya ɗan zare gaɓar da ke ƙarƙashin mabushi don bututun ya ƙara tsawo.

Yawancin makarantunmu na sakandare ba su da kilarinet, waɗansu ma ba su da ɗakin gwaje-gwaje, kuma a unguwa irin Kudenda, inda masana'antu da gidaje ke ta cinye gonaki, yaron da ya iya tsaga tilɓoro ya yi wuya. Duk da haka malamin fiziks zai iya nuna dukan abin da muka bayyana da abin da ke aljihun ɗalibansa. A cire ruwan biro a bar bututun, a toshe ƙasansa da yatsa, a hura a gefen bakinsa. In an sami guntun bututun roba irin na masu aikin famfo ya fi, domin muryarsa ta fi fita. A auna tsawonsa, a ninka sau huɗu, a raba 343 da abin da aka samu, sannan a gwada amsar da manhajar wayar hannu mai auna sauti. A ƙara ƙarfin busa a ji ko muryar za ta ninka sau uku. Da kaka kuma a sa 'yan aji su kawo karan dawa, a nemi wani dattijo da ya tashi a ƙauye ya nuna musu inda ake sa wuƙa, domin in harshen ya yi kauri ba zai kaɗa ba, in kuma ya cika sirantaka zai manne ya ƙi buɗewa.