Kada A Datse Rawani: Inda Mai Hoto Ke Sa Iyaka

A wani zaure a garin Mashi, kan hanyar Katsina zuwa Daura, na ga hoton wani dattijo rataye a bango, wanda aka ɗauka ranar da aka yi masa naɗi. Fuskar ta fito tar, har furfurar gemu ana iya ƙirgawa. Amma rawanin, wanda dominsa aka kira mai hoto, an datse shi daga sama, saura ɗan abin da ya zagaye goshi. Da ɗansa ya ga na ƙura wa wurin ido sai ya ce, "Malam, a kyamarar mai hoton fa rawanin Baba cikakke ne, da idona na gani. Wurin wankewa ne ya tafi."

Gaskiya ya faɗa, kuma lissafin abin ba shi da wuya. Kowace kyamara tana da fasalin da take ɗaukar hoto a kai, kowace takardar wanki kuma da nata fasalin. Manyan kyamarorin da masu hoton biki ke ratayawa a wuya suna ɗauka ne a ma'aunin 2 da 3, wato in faɗi ya yi kamu biyu, tsawo zai yi uku. Takardar inci 4 da 6 ta dace da wannan cif, babu abin da zai salwanta. To amma wanda zai rataye hoto a zaure ba ya son ƙarami, inci 8 da 10 yake cewa a wanke masa, ita kuwa wannan takarda ma'auninta 4 da 5 ne, ta fi gajarta. Kafin hoton ya cika ta, dole a zubar da kashi ɗaya cikin shida na tsawonsa. In mai hoto ya matse mutum tun wurin ɗauka, bai bar fili a sama da ƙasa ba, na'urar wanki ba ta san rawani ba, ba ta san takalmi ba, abin da ya faɗo gefe shi za ta ci.

Wayar hannu ma da nata halin. Yawancin wayoyi suna ɗauka a ma'aunin 3 da 4. In aka ɗora hoton a sitatus na WhatsApp ana so ya cika fuskar waya, wadda ma'auninta ya kai 9 da 16, rubu'in faɗinsa ya tafi ke nan. Shi ya sa a hoton ƙawayen amarya za ka ga ta gefen dama saura kafaɗa, ta gefen hagu saura mayafi. In kuma aka sa shi a matsayin hoton shaidar mai lamba, sai manhajar ta mayar da shi zagaye, kusurwoyi huɗu duk su ɓace. Hoto ɗaya, wuƙa uku ke jiran sa. Ƙwararren mai hoto yana ɗauka ne da sanin haka, sai ya ja baya taku ɗaya ko biyu ya bar wa kowace wuƙa abin da za ta ci ba tare da ta taɓa mutum ba.

Littattafan koyon hoto suna da ƙa'idojinsu, kuma yawancinsu masu amfani ne. Mafi shahara ita ce ta raba hoto gida uku a tsaye, gida uku a kwance, a ɗora idon mutum kan layin sama. Wani Bature ɗan Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta maganar rabawa gida uku tun 1797, yana magana ne a kan zanen hannu, kafin a ƙirƙiro kyamara ma. Dalilin ɗora ido a nan shi ne: wanda ya kalli hoton mutum, ido yake fara nema. In idon ya faɗo tsakiyar hoto, sai rabin sama ya zama bango ko sararin sama kawai, mutum ya zama kamar yana nutsewa. Kusan kowace waya tana da waɗannan layuka a cikin saitin kyamara, kunna su kawai ake yi. Akwai kuma ƙa'idar barin fili a gaban fuska: in mutum ya juya yana kallon dama, filin da ya fi yawa ya kasance a damansa, kada hancinsa ya dunguri gefen hoto.

Sai ƙa'idar gaɓoɓi, wadda na fi ganin ana karyawa. Ba a yanke mutum a wuya, ko gwiwar hannu, ko wuyan hannu, ko gwiwa, ko idon sawu. In iyakar hoto ta faɗo daidai kan gaɓa, ƙwaƙwalwar mai kallo sai ta ɗauka nan jikin ya ƙare, kamar an guntule. In kuwa ta faɗo tsakiyar cinya, ko tsakiyar damtse, ko ƙasan ƙirji, sai ido ya cika sauran da kansa, bai ko lura an yanke ba.

To amma waɗanda suka tsara waɗannan ƙa'idoji suna kallon mutum mai kwat ne, kai babu hula. A mujallunsu har ado ne a shafto saman kai don a matso da ido kusa. A ƙasar Hausa wannan ba ya yiwuwa, domin abin da ke faɗin ko wane ne mutum yakan zauna ne a gefe-gefen jikinsa, daidai inda wuƙa ke bi. Rawani mai kunnuwa biyu yana faɗin gidan da mutum ya fito. A datse kunnuwan, an sauya labarin. Hular zanna da aka kashe kuɗi aka saya, aka karya ta yadda ake so, wani ɓangare ne na fuskar mai ita. Ɗaurin ɗankwalin uwar biki ya ci rabin sa'a a gaban madubi. Don haka a wurinmu, filin da ake bari a sama ana auna shi ne daga ƙarshen rawani ko ƙololuwar ɗauri, ko da idon zai ɗan sauko ƙasa da layin da littafi ya ce.

Babbar riga kuwa tana sauƙaƙa wani abu, ta tsananta wani. Ta rufe gwiwa da gwiwar hannu, saboda haka ƙa'idar gaɓoɓi ba ta cika damun mai ita ba. Amma tana da aiki a ƙirji, aska biyu ko aska takwas, wanda maɗinki ya kwashe makonni a kai. A yanke hoto a tsakiyar aikin, kamar an tsaida mai magana bai kai aya ba. Ko dai a tsaya sama da aljihu a ɗauki fuska da kafaɗa, ko a sauka har ƙasan aikin. Ita kuma amarya, lallen hannunta da na ƙafarta shi ne shaidar ranar. Bayan mako biyu ya goge, hoton kaɗai zai rage. Mai hoton da ya san aikinsa zai ce, "Amarya, ɗan ɗago hannun ki ɗora nan kan ƙirji, yawwa, kada ki motsa," don lallen ya shigo kusa da fuska, ya tsira ko da wane irin yanka aka yi daga baya.

A ranar hawan sallah a Daura ko Katsina abin ya fi haka wuya. Mahayi da dokinsa abu ɗaya ne. Kwalliyar dokin ita ce rabin darajar hawan. Yara masu waya sukan ɗauki mahayin su yanke kan doki, ko su ɗauki dokin su bar mahayi babu kai. Wanda ya ja baya ya jira dokin ya ɗan karkato, shi ke komawa gida da hoton da za a ajiye.

Wannan ja da baya yana da wani amfani da ya shafi ita kanta fuskar. Idon kyamarar waya mai faɗin gani ne, shi ya sa mutane ke matsowa kusa don fuska ta cika hoto. Amma abin da ya fi kusa da kyamara shi ke fin girma, kuma a fuska hanci ne a gaba, kunnuwa a baya. A 2018 wasu likitocin gyaran fuska a Amurka suka wallafa lissafin da ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30, kamar yadda ake yi in mutum ya ɗauki kansa, yana ƙara faɗin hanci da wajen kashi 30 cikin ɗari, idan aka gwada da na tazarar mita ɗaya da rabi. 'Yan mata da yawa da ke cewa hoto ba ya yi musu kyau, tazara ce matsalar. A ba wani wayar ya tsaya taku biyu ko uku, ya ɗauka, daga baya a rage gefe. Wayar da ke da megafiksel 12 tana ba da ɗigo 4,000 a tsawo da 3,000 a faɗi; ko an zubar da rabin hoton, abin da ya rage ya ishi takardar inci 5 da 7.

Tsayin kyamara ma abin lura ne, kuma a nan tarbiyyarmu ta riga littafi. Dattijon da ke zaune kan buzu ko tabarma, in ka tsaya a kansa ka ɗauke shi daga sama, kansa zai yi girma, jikinsa ya ƙanƙance, ya fito kamar mai roƙo. Yadda ba ka gaishe shi a tsaye, haka ba ka ɗaukarsa a tsaye. Ka durƙusa har kyamara ta zo daidai idonsa. Yaro ƙarami ma haka. Sannan kafin ka danna, ka bi gefen hoton da kallo: turken wutar lantarki ko reshen bedi da ke bayansa kada ya fito kamar daga kansa ya tsiro.

Duk wannan magana ce ta hoton ajiya. Akwai wani hoton da kowane ɗan Mashi ya sani, wanda dokarsa akasin wannan ce: fasfo. Mai neman gurbin karatu, da maniyyaci, da mai buɗe asusun banki, duk sun zauna gaban farin ƙyalle an ce musu, "Kalli nan, ɗaga haɓa kaɗan, rufe baki." Asalin wannan tsari yana komawa ga Alphonse Bertillon na 'yan sandan Faris, wanda a shekarun 1880 ya daidaita yadda ake ɗaukar waɗanda aka kama, gaba da gefe, daga tazara ɗaya, don a iya gwada hoto da hoto. Yau hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ke tsara ƙa'idar hoton fasfo, kuma Najeriya ta shiga amfani da fasfo mai ɗauke da bayanan lantarki tun 2007. A girman da ƙasashe da yawa ke amfani da shi, milimita 35 da 45, ana so fuska daga haɓa zuwa saman kai ta ci kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na tsawon hoton. Amurka kuwa murabba'i take so, inci 2 da 2, kuma tun 2016 ta hana sa tabarau.

Na'ura ce ke karanta wannan hoto, tana auna tazarar ido da ido da sauran sassan fuska, kamar yadda na'urar BVAS ta riƙa tantance masu zaɓe a 2023. Shi ya sa ba a son karkata kai, ba a son inuwa a bango, ba a son dariya. Mata da yawa suna zuwa da fargabar za a ce su cire hijabi. Ƙa'idar ta yarda da rufe kai saboda addini, sharaɗin kawai fuska ta bayyana daga ƙasan haɓa zuwa saman goshi, da gefe biyu. Mai hoto nagari zai ce, "Hajiya, ɗan ja shi baya kaɗan goshi ya fito, shi ke nan," maimakon ya bar ta ta kai hoton ofis a dawo mata da shi.

Abin da ke damuna shi ne, a gidaje da yawa wannan fasfon shi kaɗai ne hoton da tsoho ke bari. In ya rasu, sai 'ya'ya su ɓamɓaro shi daga tsohon katin shaida, su kai a buɗa shi zuwa inci 8 da 10, kusan ninki shida ta kowane gefe. Sai ya fito dishi-dishi, ga shatin hatimi a kafaɗa, ga fuska a ɗaure domin haka aka ce ya yi. Babu hannun da ya riƙe garma shekara hamsin, babu carbin da ba ya rabuwa da shi, babu dakalin da yake zama bayan la'asar. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948, ya riƙa ɗaukar talakawan gari da cikakkiyar suturarsu, hannuwansu a bayyane, wani da rediyo, wani da keke. Yau hotunan suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya, kuma mai kallo yana ganin yadda kowa ya so a gan shi. Shi Keïta a lokacinsa ba shi da kayan aikin da ya kai wayar da ke aljihun ɗan sakandare a Mashi yanzu.

Shi ɗan dattijon nan na zaure ya koma wurin mai hoton, aka yi sa'a ainihin hoton yana nan cikin kwamfuta. Aka sake wanke shi a inci 8 da 12, wanda ya dace da ma'aunin kyamarar, aka nemo firam daidai shi. Da na sake biyowa ta gidan, rawanin yana nan cikakke, har da ɗan fili kamar faɗin yatsa biyu a samansa.