Kaza da 'Ya'yanta da Biranen Taurari

A Birnin Zazzau malaman hisabi da manoma sun daɗe suna lura da Kaza da 'Ya'yanta, watau Surayya, domin sanin lokutan shekara. Wannan tari kusa ya ke, gama shekara wajen 440 haskensa ke yi kafin ya iso ƙasa. In an kwatanta tauraro da gida, to, Kaza unguwa ce ɗaya cikin babban birni. Birnin kuwa shi ne wanda Larabawa ke kira Majarra, farin zanen nan da ke ratsa sama da dare. Taurarinsa sun fi miliyan dubu ɗari, har da ranarmu.

Birane irinsa ba su ƙirguwa. A shekarar 964 Abdurrahman as-Sufi ya ambaci wani ɗan gajimare a sama. Sai a 1924 Edwin Hubble ya tabbatar majarra ce dabam, ita ce Andromeda.

Asalin majarra iska ce mai sauƙi, galibi haidurojin, wadda ƙarfin jan juna ya tattara har ta dunƙule, taurari suka kama ci a cikinta. Muddin iskar nan tana nan, sababbin taurari masu shuɗin haske ba su yankewa. In ta ƙare, sai tsofaffi jajaye su saura.

Majarrai kuma su kan taru wuri guda, kamar garuruwan ƙasa ɗaya. Tarin da a ke kira Coma yana da fiye da 1,000. Tsakaninsu akwai wata iska mai tsananin zafi. A 1972 Gunn da Gott suka bayyana cewa majarrar da ta kutsa cikinta a guje, sai a kwashe mata tata iskar, kamar yadda iska ke ɗauke ƙaiƙayi wajen shiƙa. Daga nan haihuwar taurari ta tsaya.

Shaida ta zo a 1978, sa'ad da Butcher da Oemler suka ga tari masu nisa sun fi na kusa yawan majarrai shuɗɗa. Da ya ke haskensu tun shekaru miliyan dubbai ya taso, ƙuruciyarsu a ke gani.

Saboda haka ya kamata malami ya rarrabe wa almajiransa unguwa, da birni, da ƙasa, kada sunan "tari" ya haɗa Kaza da Coma a zukatansu.