Yadda ake tsabtace tsohon kuɗin jan ƙarfe

A Gure, cikin ƙasar Muniyo, akan tarar da tsofaffin kuɗi a adakar kakanni. Wani sa'i manomi ne ke tono su a gona. Akwai kwabon Najeriya mai huji na 1959. Akwai kuma kwabon 1973, shekarar da naira ta fito. Dukansu da jan ƙarfe aka yi su, an gauraya shi da wasu ƙarafa kaɗan.

Jan ƙarfe ya daɗe yana zama kuɗi a Nijar. A 1353 matafiyi Ibn Batuta ya sauka Takadda. Ya ga mutane suna sayen nama da itace da hatsi da sandunan jan ƙarfe.

Idan jan ƙarfe ya daɗe cikin iska, sai ya yi duhu. Wannan duhun ba dauɗa ba ne, riga ce mai kare ƙarfen. Masu tara tsofaffin kuɗi suna son ta. Wanda ya goge kwabo da rairayi, ko toka, ko lemun tsami, ko tsamiya, ya cire rigar. Kwabon zai yi ƙyalli, amma rubutunsa ya suɗe, darajarsa ta faɗi. Abin da ya suɗe kuwa ba ya dawowa.

Ga yadda ya kamata a yi. Da fari a jiƙa kwabon cikin tsabtataccen ruwan sama, domin ƙasa ta saki da kanta. Ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa bai dace ba, don gishiri yana cin jan ƙarfe. Idan akwai maiƙo ko danƙo, sai a sa kwabon cikin alkol na kantin magani, ko cikin asetan, minti kaɗan. Waɗannan suna narkar da maiƙo, amma ba su cin ƙarfen. A yi amfani da kwalba, don asetan yana narkar da wasu robobi. Daga nan a aza kwabon bisa tsumma mai laushi ya bushe, kada a goga.

Alkol da asetan suna saurin kama wuta, tururinsu kuma yana sa ciwon kai. Saboda haka babba ne zai yi aikin, a fili, nesa da murhu da fitila. Yaro ya tsaya gefe ya kalla.

Bayan an gama, a naɗe kowane kwabo cikin takarda, a ajiye inda babu laima. Idan za a ɗauka, a kama shi ta gefe.