Jadawalin Rigakafin Jarirai: Me Ya Sa Kowace Allura Take Da Lokacinta?

Jariri yana zuwa duniya da ɗan guzurin kariya da ya samo daga jinin mahaifiyarsa, nono kuma ya ƙara masa. Sai dai guzurin yakan ƙare cikin 'yan watanni, kuma ba kowace cuta yake tarewa ba. A kan wannan aka gina jadawalin rigakafin da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa take bi a Nijeriya. Kyauta ake yin sa a asibitocin gwamnati.

Zangon farko shi ne ranar haihuwa. Ana yi wa jariri allurar BCG ta tarin fuka a dantsen hagu, wadda take barin ɗan tabo, a ɗiga masa maganin shan inna a baki, sannan a yi masa allurar ciwon hanta nau'in B. Wannan ta ƙarshen ita ce mai gaggawa, domin an fi son a yi ta cikin awa 24. Uwa tana iya ɗauke da ƙwayar cutar ba ta sani ba, ta ba ɗanta wajen haihuwa, kuma kusan tara cikin goma na jariran da suka kamu a wannan lokacin sukan zauna da ita har girma. A nan ne al'adarmu take karo da jadawalin. Mata da yawa a gida suke haihuwa, mai jego kuma ba ta fita sai ta yi arba'in. To, ai ba sai ita ta je ba. Uba ko kaka ko gwaggo na iya kai jaririn tun kafin suna, a dawo da shi cikin 'yan sa'o'i.

Daga nan sai mako 6, wato ana gama wankan jego da kwana biyu, sai mako 10, sai mako 14. A kowane zuwa ana yin allurar Penta a cinya, wadda ta haɗa rigakafin cututtuka biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta da wata ƙwayar cuta mai haddasa sanƙarau da ciwon huhu. Tare da ita akwai allurar namoniya, da ɗigon shan inna, da ɗigon rota mai kare yaro daga muguwar gudawa, wanda aka shigar cikin jadawalin a 2022. Ana kuma ƙara allurar shan inna a mako 6 da mako 14. Iyaye sukan tambaya, me ya sa ake yin Penta har sau uku? Ta farko gabatarwa ce kawai, jiki bai gama gane abokin gaba ba. Sai ta uku kariyar take kankama. Ɓarkewar mashaƙo da ta fi tsanani a Kano a 2023 ta fi kama yaran da ba a yi musu Penta ba ko ba a kammala musu ba.

Bayan mako 14 sai a sami dogon hutu, kuma a nan ake yawan rasa yara. Katin rigakafi ya ɓata, ko uwa ta ɗauka an gama. A wata 6 ana ba da bitamin A. A wata 9 kuwa akwai allurai uku: ƙyanda, shawara da sanƙarau. Ana jinkirta ta ƙyanda ne da gangan, saboda ragowar kariyar uwa tana iya hana ta aiki idan aka yi da wuri. Ko a wata 9 ɗin ma ba kowane yaro take kamawa ba, shi ya sa ake maimaita ta a wata 15. A Disamban 2024 an fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa, ga yara daga wata 5.

Ɗan zazzaɓi, kuka ko kumburi a wurin allura abu ne da aka saba gani, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ya yi tsanani, a koma asibiti. Mura ko gudawa mara ƙarfi ba ta hana allura. Wanda kuma lokaci ya kuɓuce masa ba a sake masa daga farko. Ma'aikaciyar lafiya za ta duba katin ta ɗora daga inda aka tsaya, ko da watanni sun shuɗe.