Ko Kun Sani? Jarrabawar da Ake Amsawa da Zane

A shekarar 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, E. Paul Torrance, ya fitar da jarrabawar auna basirar ƙirƙira. Wani ɓangarenta da fensir ake amsa shi, ba da dogon bayani ba. Ana ba yaro takarda mai ɗauke da guntayen layuka, ko da'irori jere, a ce ya mayar da su hotuna cikin minti 10. Wani ya mai da da'ira ƙwallo, wani kuma ya haɗa biyu su zama tabarau, ko idanun mujiya a cikin duhu. Masu dubawa suna lura da yawan hotunan, da irin wanda sauran yara ba su yi tunaninsa ba, da ƙawar da aka yi masa.

Abin da ya dami Torrance shi ne 'ya'yan talakawa. Jarrabawar kalmomi takan fifita yaron da ya tashi cikin littattafai, kuma wannan ba adalci ba ne. A 1971 ya tattara binciken da aka yi, ya nuna cewa a ɓangaren zane yaran gidajen marasa hali sukan yi kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan masu kuɗi, wani lokaci har su wuce su.